Kofin Tiki: Tsohon Yayi Ko Sabon Ƙira?

Masu sha'awar tara kayan tarihi suna yawan tambayata wanne ya fi dacewa su saya, tsohon kofin tiki ko sabo. Kofunan tangaran ne masu siffar sassaƙen tsibiran Folinesiya da ke Tekun Pasifik, waɗanda suka yi tashe a mashayun Amurka a shekarun 1950 da 1960, bayan wani mai mashaya Ba'amurke, Donn Beach, ya fara salon mashayar tiki a Holiwud a 1933.

Ta fuskar kuɗi, sabon kofi farashinsa a bayyane yake, kuma kamfani irin Tiki Farm na Kalifoniya yana fitar da su a kai a kai. Tsohon kuwa sai an yi farautarsa a kasuwannin gwanjo, kuma idan yana ɗauke da sunan mashayar da ta daɗe da rufewa, mai shi yakan tsuga kuɗi yadda ya ga dama.

Haɗari shi ne abin da na fi damuwa da shi. Yawancin tsofaffin a Jafan aka ƙera su, kamar na kamfanin Otagiri, kuma fentin tangaran na wancan zamani yana iya ƙunsar dalma, don haka sha da shi ganganci ne. Ga jabu, ga tsagewar da hoto ba ya nunawa. Sai dai darajar tsoho mai lafiya ta fi ɗorewa.

Wanda zai zuba lemo ya sha kullum, sabo ya dace da shi. Wanda ke neman abin ajiya a kabad, mai haƙurin bincike, tsohon ne nasa.