Kwana uku a Puebla: inda kuɗinmu ya biya da inda bai biya ba

Motar safar da muka hau daga birnin Meksiko ta gama hawan tsaunuka ta fara gangarawa ke nan uwargida ta taɓa ni, ta nuna tagar hannun dama. "Malam, dubi can. Gajimare ne ko hayaƙi?" Hayaƙi ne. Dutsen Popocatépetl ne, mai aman wuta, wanda tsayinsa ya haura mita 5,300, yana fitar da farin hayaƙi a hankali kamar an rufe murhu da toka. Tun watan Disamba na 1994 ya farka daga dogon barcinsa, kuma hukuma ta hana kowa matsawa kusa da bakinsa ƙasa da kilomita 12. Mutanen motar ko ɗaga kai ba su yi ba. Mu kuwa da shi muka fara sanin Puebla, kuma duk inda muka juya a kwana ukun nan yana tsaye yana kallonmu.

A watan Fabrairu muka je. Da yake muna zaune a Amurka da takardun zama, ba mu nemi bizar Meksiko ba. Na sayi tsarin yawon ne ta intanet daga wani ƙaramin kamfani: otal a tsohon gari kwana uku, ɗan jagora mai jin Turanci, mota ta zagaya da mu, da kuɗin shiga wurare. A kan wannan tsarin nake son yin magana, domin akwai abin da zan sake biya ba tare da tunani ba, akwai kuma wanda ba zan ƙara ba.

Tafiyar daga birnin Meksiko awa biyu ce da 'yan mintoci. Otal ɗin tsohon gida ne irin ginin Sifaniyawa, mai tsakar gida a buɗe da ɗakuna kewaye, bango mai kauri, rufi can sama. Tsabta ba a magana. Amma garin yana bisa tudu, sama da mita 2,100 daga gaɓar teku, kuma sanyin asuba a wannan watan ba ya da maraba da hunturun Jos. Ɗakin ba na'urar ɗumama wuri, sai da muka roƙi ƙarin bargo. Ruwan zafi na alwala kuwa sai an bar famfo ya daɗe yana zuba. Alƙibla daga can tana arewa maso gabas, wayar hannu ta nuna mana, kuma a ɗaki muka riƙa sallolinmu, muna ƙasaru.

Ranar farko ta cikin gari ce, kuma a nan ne na fara ganin aibin tsarin. Sifaniyawa ne suka kafa Puebla a 1531, a kan hanyar da ta haɗa tashar jiragen ruwa ta Veracruz da birnin Meksiko, suka zana ta da layuka miƙaƙƙu kamar gidan dara. Titunan lamba gare su: 2, 4, 6 idan ka yi arewa daga dandalin gari, 3, 5, 7 idan ka yi kudu. Cikin rabin yini mutum ya gane kansu. Gari ne na tafiya da ƙafa, amma aka cusa mu a mota ana sauke mu ana kwashe mu, muna ɓata lokaci a cunkoso tsakanin wuraren da ba su fi tafiyar minti bakwai ba. Babbar majami'ar garin, wadda aka fara ginawa a 1575 aka buɗe a 1649, mai hasumiyoyi biyu masu kusan mita 70, minti ashirin aka ba mu. Ɗakin ibadar Rosario da ke cikin cocin Santo Domingo, wanda aka gama a 1690 aka lulluɓe cikinsa da ruwan zinariya tun daga bango har ƙubba, shi ma haka. Ido bai gama sabawa da ƙyallin ba aka ce mu fito.

Wanda ya fi yi mini ciwo shi ne ɗakin karatu na Palafox. A 1646 wani babban limamin coci, Juan de Palafox y Mendoza, ya ba da littattafansa 5,000 da sharaɗin duk mai iya karatu a bar shi ya shiga, ba malaman coci kaɗai ba. Shi ya sa ake ɗaukarsa ɗakin karatu na jama'a na farko a nahiyar Amurka. Yau littattafan sun haura 45,000. Dogon zaure ne guda, kantocin katako sassaƙaƙƙu hawa uku, ƙasa shimfiɗe da jan tubali da ƙananan tayil masu shuɗi waɗanda sawun mutane ya sassuɗe. Ƙamshin tsohuwar takarda da fata ya bugi hancina, irin wanda nake ji idan aka buɗe gafakar kakana. Akwai wani keken katako mai juyawa da aka ƙera domin mai nazari ya buɗe littattafai da yawa a lokaci guda, yana juya su suna zuwa gabansa ba tare da sun zube ba. Ina tsaye a gabansa ɗan jagora ya zo yana nuna mini agogo. Na koma washegari da yamma ni kaɗai, na sake biyan kuɗin shiga daga aljihuna, na yi awa guda. Mai niyyar zuwa ya lura, ranar Litinin a rufe yake, kamar yawancin gidajen tarihin ƙasar.

Kada a ɗauka laifin ɗan jagoran nake gani. Takarda aka ba shi mai jerin wurare da lokuta, yana bi. Mutumin kirki ne, dattijo ɗan asalin Cholula, wani gari kusa da Puebla, kuma shi ne ya cece mu a maganar abinci, wadda ita ce babbar matsalar Musulmi a Puebla.

Akwai wani abinci da garin ya yi suna da shi, tacos árabes, wato takon Larabawa. Nama ne a soke a tsaye yana juyawa gaban wuta kamar shawarma, ana yankawa cikin gurasa. Baƙi daga Gabas ta Tsakiya ne suka kawo shi wajen shekarun 1930. Da uwargida ta ga sunan da sifar abin, har ta fara murna. Dattijon nan ya ɗaga hannu ya ce, "A'a, ranki ya daɗe, wannan alade ne." Sunan ne kawai ya rage na Larabawa, naman ya daɗe da sauyawa. Daga nan ya zauna ya rubuta mana kalmomi a bayan rasit: puerco da cerdo alade ne, manteca kitsensa ne. Ya ce wannan ta ƙarshen ita ce abin tsoro, domin da ita ake soya wake, da ita ake soya 'yan ƙananan wainar masarar da suke kira chalupas, sau da yawa har miyar mole da ita ake fara ta. Ya buga waya wurare uku kafin ya samo mana gidan abincin da suke yin mole da man girki, aka zuba mana a kan gurasar masara da cuku.

Mole ɗin nan ya cancanci wahalar. Miya ce baƙa-baƙa mai kauri, an haɗa busasshen barkono iri-iri da riɗi da gyaɗa da kirfa da kanumfari da ɗan cakulan, an niƙa an daɗe ana dafawa. Lomar farko baƙuwa ce a baki, zaƙi da ɗaci da yaji duk a tare. A ta uku ka fara gane ta. Uwargida ta ce tana jin wani abu mai kama da zurfin daddawa a ƙarshenta, ni ma na ji. Abin sha kuwa babu baƙunta: agua de jamaica zoɓo ne tsagwaronsa, akwai kuma ruwan tsamiya. A titin 6 Oriente, inda shagunan alewa suke jere, mun sayi camote, alewar dankalin Hausa da ake naɗewa a takarda. Ta yi mini zaƙi da yawa, amma yara sun cinye wadda muka kai musu a rana ɗaya. A kan wannan titin ne gidan 'yan'uwan Serdán yake, inda aka yi musayar wuta ranar 18 ga Nuwamban 1910, a jajibirin juyin juya halin Meksiko. Ramukan harsasai suna nan a jikin bangon.

Rana ta biyu ce ta biya kuɗin tafiyar gaba ɗaya. Cholula ba ta fi rabin awa daga Puebla ba. Daga nesa tudu kake gani mai ciyawa da itatuwa, da coci mai ruwan ɗorawa a samansa. Sai ka matso ka ga ashe ba tudu ba ne, dala ce da mutane suka gina, yawancinta da tubalin laka, zamani bayan zamani, kowane yana ɗora tasa a kan ta magabata. Sunanta a harshen Nahuatl na 'yan ƙasa Tlachihualtepetl, wato dutsen da aka yi da hannu. Ba ta kai babbar dalar Giza tsayi ba, amma ta fi ta girman jiki. Dattijon ya tsaya da mu a wani gefe da aka tone, ya nuna mana layukan tubalin a fili. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban ragowar ganuwar Kano zai gane wannan ƙasa da wannan aiki. A nan bai duba agogo ba. Garinsu ne. Ya ba mu labarin watan Oktoban 1519, lokacin da jagoran Sifaniyawa Hernán Cortés da mayaƙansa suka tara manyan garin suka kashe dubban mutane, sai muryarsa ta yi ƙasa. Cocin da ke sama an fara gina shi a ƙarni na 16, kuma girgizar ƙasar 19 ga Satumban 2017 ta yi masa ɓarna kafin a gyara.

Hawan yana da wuya saboda ƙarancin iska. Sau biyu muka tsaya hutawa. A sama, Popocatépetl da maƙwabcinsa Iztaccíhuatl suna gabanka ba abin da ya kare su, ƙubbobin coci kuma ko'ina a ƙasa. Da muka sauko muka tarar da mata suna sayar da fara soyayya a manyan kwanduna, ja da barkono, ana matsa mata lemon tsami. Chapulines suke ce mata. Ƙanana ne ba kamar tamu ba. Uwargida ta sayi gwangwani guda tana ci muna tafiya, mai sayarwar tana ta dariyar jin daɗi ganin baƙuwa ba ta ƙyamaci abincinsu ba.

Abin da ban yi tsammani ba yana tsakiyar garin, a harabar cocin San Gabriel. Capilla Real sunansa, ɗakin ibada ne da aka gina wa 'yan ƙasa a ƙarni na 16. Da muka shiga, uwargida ta riƙe hannun rigata ta ce, "Malam, ai wannan masallaci ne." Ba masallaci ba ne, bai taɓa zama ba, amma na ga dalilinta. Ginshiƙai ne sahu-sahu ta kowace fuska, ƙubbobi 49 a sama, fili shimfiɗe ba doguwar hanya ɗaya irin ta coci. Ana yawan kwatanta shi da babban masallacin Ƙurɗuba. Sifaniyawan da suka zo nan ba su daɗe da karɓe Andalus ba, Garnaɗa ta faɗi ne a 1492, kuma hannun maginansu bai manta abin da ya koya ba. Mun daɗe a ciki. Ba kowa sai wata tsohuwa tana shara. Daga nan aka kai mu Tonantzintla, ƙaramin coci da 'yan ƙasa suka cika cikinsa da fuskoki da furanni da masara da 'ya'yan itace, babu tazarar tafin hannu a bango. Ba a yarda da ɗaukar hoto a ciki, kuma na ga hakan ya sa mutane suna dubawa da idonsu sosai.

Ƙorafi biyu nake da su a kan kamfanin. Na farko, a tallansu sun rubuta cewa za a shiga ramukan cikin dalar, waɗanda masu binciken tarihi suka fara haƙawa a 1931 har suka kai kusan kilomita 8. Da muka je a rufe suke, kuma dattijon ya ce ba yau aka rufe ba. Kamfanin ya sani, bai faɗa ba, bai kuma rage ko sisi ba da na rubuta musu. Na biyu, a rana ta uku sun ce za a kai mu masana'antar talavera, wato kayan yumɓu masu zane, sai aka sauke mu a wani shago da ke sayar da kwaikwayo. Wannan ya ɓata mini rai ƙwarai, domin talavera ita ce fuskar garin. Tayil da farantan nan masu fari da shuɗi da ke jikin gidaje da ƙubbobi, sana'a ce da ta zo daga Sifaniya, tushenta kuma yana komawa ga maginan tukwane Musulmi, kuma UNESCO ta sa ta cikin kayan gadon duniya a 2019.

Da muka rabu da motar, dattijon ya raka mu da ƙafarsa zuwa wata masana'anta ta gaskiya, a lokacinsa, ba a cikin aikinsa ba. Muka ga yadda ake haɗa yumɓu iri biyu, baƙi da fari, a bar abin ya bushe makonni, a gasa, a tsoma a farin ruwan ƙyalli, a zana da hannu, a sake gasawa. Wata matashiya tana zana gashin tsuntsu a bakin faranti, hannunta ko rawa ba ya yi. Ta ɗora yatsan uwargida a kan wanda aka gama ta ce ta shafa. Shuɗin ya ɗan taso sama da farin, kana jin sa a yatsa. Na kwaikwayo sumul yake. Ta juya farantin ta nuna mana sunan masana'antar da aka rubuta da hannu a gindinsa.

Da zan koma, otal ɗin zan kama da kaina, in taka tsohon gari da ƙafa kwana biyu, in hau tudun Loreto da Guadalupe inda Janar Ignacio Zaragoza na Meksiko ya kori sojojin Faransa ranar 5 ga Mayun 1862, wanda mu ta tagar mota kawai muka hango shi. Ɗan jagora kuwa zan ɗauka na yini guda domin Cholula, in nemi ɗan garin, in gaya masa tun farko ba ma cin alade. Dattijon nan mun ba shi tukuici fiye da yadda muka shirya, ya karɓa da hannu biyu. Faranti ɗaya muka iya saya, saboda na gaskiyar yana da tsada. Uwargida ta naɗe shi cikin mayafinta ta riƙe a cinya har muka sauka daga jirgi.