Hodar da ke cinye launin ruwan rini da hasken rana, na gwada ta a marinarmu ta Garwa

Salamu alaikum 'yan uwa marina. Tun bara naso in yi magana akan hodar nan amma nace bari ta ga rani ta ga damina tukunna.

Mu nan Garwa ta Kamaru shadda muke rinawa, da galura da soda da hidro, wato sinadarin da ke sa galura ta narke, kuma duk mai sana'ar ya san inda ruwan ke tafiya, kwata, daga kwata sai kogin Binuwai. Wata safiya na fito na tarar da awakin maƙwabciyata sun kafa kai a kwatarmu suna sha, leɓensu duk ya yi shuɗi, wlh ranar tuwo bai shiga cikina ba.

Wani yaro da ya karanci sinadarai a Ngaundere shi ya haɗa min kayan, faffaɗan faranti mara zurfi, ɗan famfo mai juya ruwa da sola, sai farar hoda mai laushi fiye da garin alkama wai ita titaniyom dayoksaid. Yace Baba irinta ce a cikin farin fenti, sai dai wannan an niƙe ta ƙwarai, ƙwaya ɗaya wajen nanomita 20, nanomita kuwa mita ɗaya ce a raba ta gida biliyan. In rana ta bugi ƙwayar sai ta tayar da wasu sinadarai masu kaifi daga jikin ruwan kansa su dinga yayyaga galurar har launin ya mutu, ita kuma hodar bata ƙarewa, a tace a sake zubawa. Wasu 'yan Japan, Fujishima da Honda, su suka fito da tushen abin a 1972.

Gwajin farko a watan Maris muka yi, rana kamar zata fasa kai. Muka zuba ruwan ɗauraya ja da hantsi, zurfinsa bai wuce gaɓar yatsa biyu ba, kafin la'asar ya koma kamar ruwan tsari, har masu bugu suka ajiye bugunsu suka zo kallo. Nan kam na yaba.

Amma ruwan tukunya, wancan mai kauri da muke tsoma shadda a ciki, ko gezau. Kwana biyu a rana yana nan baƙi ƙirin, saboda hasken baya ratsa shi balle ya kai ga hodar. Kuma yaron da farko ce min yayi kowane ruwa take ci, na kira shi nace ɗana ba haka muka yi da kai ba, sai a lokacin ya min bayanin cewa ba duk hasken rana take amfani dashi ba, wani ɓangare ne da ido baya gani wanda bai wuce kashi 5 cikin 100 ba. Shi yasa a Agusta da hadari ya rufe gari aikin yini ɗaya sai ya ci uku, lokacin buji ma haka, ga ƙura na zuba cikin farantin.

Wahala ta biyu wajen tace hodar ne. Bata son kwanciya, ruwan sai ya zama kamar madara, dole ya kwana a bidon, wato jarka, kafin ka tsiyaye a hankali kuma duk da haka wata na bin ruwan. In zaku auna ta busasshiya ku sa takunkumi don Allah, tashi take kamar hayaƙi, ba abin shaƙa bace.

Sannan kar wani ya ga ruwa ya yi fari ya ba dabba ko ya zuba a lambu, launi ne ya tafi, sodar tana nan, ka taɓa zaka ji santsi a yatsa. Ni ɗaurayar farko nake sake yi dashi, hakan ya rage min sayen ruwa.

Mai ƙaramar marina da ke da fili da rana zan ce ya saya, don ruwan ɗauraya kawai. Na tukunya har yanzu a duro nake tara shi a bayan gida na rufe da kwano saboda awakin nan, yaron yace zai kawo faranti da aka manne hodar a jikinsa don a huta da tacewa, shi nake jira.