Darɓa a gonar wake: ruwan dogonyaro ko maganin kanti?

Malam, Allah ya sa albarka a noma. Ka ce darɓa ta sauka wa wakenka na fadama a wajen Wurno, bai kai ga fure ba tukuna, kana tambaya ko ka jiƙa dogonyaro ka fesa, ko kuwa ka sayo maganin kanti a yi ta ta ƙare. Dukansu biyu suna aiki, amma kowanne da lokacinsa.

Darɓa ƙananan ƙwari ne baƙaƙe da ke taruwa a kan toho da ƙarƙashin ganye suna tsotse ruwan shuka, har ganyen ya ƙudundune, waken ya tsugune. Macen ba ta jiran namiji, ba ta kuma yin ƙwai a irin yanayinmu, 'ya'ya take haifa da ransu, su ma cikin kamar mako guda sun fara haihuwa. Shi ya sa gonar da ka gani lafiya lau wannan Juma'ar, wata Juma'ar sai ka tarar ta yi baƙi. Ruwan sama mai ƙarfi yana wanke ta, don haka ta fi addabar waken rani da na damina idan aka samu fari a tsakiya, abin da ba baƙo ba ne a ƙasar Sakkwato. Idan ka ga kiyashi na hawa da sauka a jikin wake, ɗaga ganye ka duba, zaƙin da darɓa ke fitarwa suke bi.

Ƙarfin dogonyaro a cikin ƙwallon 'ya'yansa yake, ganye bai kai shi ba ko kusa, kuma nan ne da yawa ke yin kuskure su ce sun gwada bai yi ba. A ɓare 'ya'yan da suka bushe a inuwa, a daka ƙwayar, a jiƙa rabin kilo cikin lita 10 ta ruwa ya kwana. Da safe a tace da ƙyalle mai laushi, in ba haka ba bakin famfon feshi zai toshe, a narka ɗan sabulun wanki a ciki don ruwan ya kama jikin ganye. A fesa da la'asar sakaliya, domin rana tana kashe ƙarfinsa, kuma a juya bakin famfon sama ya samu ƙarƙashin ganye inda suke maƙale. Ba ya zubar da su nan take. Hana su ci yake yi, ya dagula musu girma da haihuwa, sai bayan kwanaki ka ga suna raguwa. Dole a maimaita bayan kwana 5 zuwa 7, kuma ruwan da aka jiƙa ba ya ajiyuwa, a yi amfani da shi ran nan. Wahala ce, babu ɓoyewa: tsinta, ɓara, daka, tata. Amma bishiyar tana kowane lungu daga Kware har Goronyo, ba ka biya ko sisi.

Maganin kanti kuwa, irin su dimethoate da imidacloprid da ke shiga cikin jikin shuka, ko cypermethrin da lambda-cyhalothrin da ke kashewa in sun taɓa ƙwaro, saurinsa ba a magana. Ka fesa yau, gobe ko jibi ka ga aiki. Na farkon sun fi dacewa da darɓa, tunda tana ɓuya cikin ganyen da ya nannaɗe inda feshi ba ya kaiwa sosai.

Inda nake jan hankalinka shi ne abin da ke biyo baya. A gonarka akwai masu cin darɓa da ba ka ɗauke su aiki ba, musamman ɗan ƙwaron nan mai zagayayyen jan baya da ɗigo-ɗigon baƙi, shi da tsutsarsa. Maganin kanti ba ya tantancewa, har su yake sharewa, har ƙudan zuma in an fesa lokacin fure. Darɓar da ta tsira kuma ta fi su saurin hayayyafa, sai ta dawo ta tarar babu mai taka mata birki, ka sake komawa kanti. Dogonyaro bai cika yi musu wannan ɓarna ba. Sannan mu nan wake ba don ƙwaya kaɗai ake noma shi ba. Harawa kuɗi ce, ragon layya da jar akuya ita suke ci, wasu gidajen ma suna tsinkar ganyen su yi miya ko kwaɗo. Kowane magani yana da adadin kwanakin da aka rubuta a jikin kwalba da za a jira kafin a ci ko a ba dabba. Mai sayarwa ba lallai ya gaya maka ba, kai za ka karanta ko ka sa a karanta maka. Duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewar aiki, ka guji wanda aka ɗura a gorar ruwa ba suna. Ka rufe hanci da hannu, kada ka fesa iska tana fuskantarka, kada kuma a wanke famfo a bakin rijiya ko magudanar ban ruwa.

Abu ɗaya da dogonyaro da maganin kanti duk ba sa warkarwa shi ne cutar da darɓa ke yaɗawa daga shuka zuwa shuka, wadda ke sa ganye dabbare-dabbaren kore da rawaya. Wanda ya kamu a tuge shi a fitar da shi, kuma kada a ajiye iri daga gare shi. Wannan darɓar ce ta yaɗa cutar rozet da ta durƙusar da gyaɗar Arewa a 1975, don haka in kana da gyaɗa kusa, ita ma ka riƙa dubawa.

A halin da ka bayyana, in darɓar tsilli-tsilli take, a gefen gona ko wasu kunyoyi, ni dogonyaro zan ba ka shawara, ka fesa wuraren da ta kama da kewayensu kawai, ka koma bayan kwana uku ka duba. In kuwa ta riga ta game gona, toho ya yi baƙi, waken ya daina tashi, dogonyaro ba zai cim mata ba. Yi feshin kanti sau ɗaya bisa ma'aunin da ke kwalba, daga nan ka riƙe gonar da dogonyaro.

Ka tanadi kuɗin maganin saboda lokacin fure, lokacin da ƙananan ƙwarin da ke kakkaɓe fure da tsutsar da ke huda kwanso ke zuwa, domin asarar da suke yi ta fi ta darɓa. Ko da irin SAMPEA 20-T ka shuka, wanda cibiyar binciken aikin gona ta IAR da ke Samaru ta fitar a 2019, tsutsar kwanso kawai yake jurewa, darɓa tana kama shi kamar kowane wake.