Rola mai ruwa ko mai man zafi?

Wani ɗan'uwa a zauren nan ya yi tambaya. Zai sayi injin fitar da fallen roba, an ba shi zaɓi tsakanin rolar da ruwa ke zagayawa a cikinta da wadda mai ke zagayawa. Wacce ta fi?

Malam, robar da za ka narka ita ce za ta zaɓa maka, ba farashi ba.

Ruwa ya fi mai kwashe zafi, kusan ninki biyu a kowane kilo. Shi ya sa masu aiki da nau'ikan robar da ake kira PP da PET suke riƙe da shi: robar na fitowa daga bakin injin, rola mai sanyin digiri 20 zuwa 30 za ta cafke ta, ta daskare kafin ta yi hazo, ta fito garau. Iyakar ruwa dai tafasa. In babu matsi, na'urar da ke ɗumama ruwan ba ta wuce digiri 90, da matsi kuma ana kai shi 140 har sama.

Mai yana kai wa 300. In robar PVC za ka murza, inda rola ke aiki tsakanin 150 da 200, shi ne zaɓi. Sai dai yana da nawa wajen ɗaukar zafi da saukewa, in kuma aka ɗauke wuta famfo ya tsaya alhali hita na da zafi, man yakan ƙone ya toshe hanya. Ɗigarsa ma haɗarin gobara ce.

Abin da ya fi damuna ruwan da za ka zuba ne. Ruwan burtsatse mai gishiri yakan bar farin ɓawo a cikin rola kamar na butar shayi. Sai wani gefe ya yi sanyi, wani ya riƙe zafi, roba ta fito da zane-zane, a yi ta zargin mai tuƙa inji. Ka yi amfani da tataccen ruwa da ke zagayawa a rufe. Da damina kuma kada ka sanyaya rola ta wuce kima, don takan yi gumi, ɗigon ya bar tabo a kan roba.

Ko wacce ka ɗauka, ka tambayi mai sayarwa ko bango biyu gare ta da murɗaɗɗiyar hanya a tsakani. Ita ce ke sa zafin tsakiya da na gefe ya zo ɗaya, kuma ni a nan zan kashe kuɗina.