Hotonka na fita dishi-dishi? Karanta wannan kafin ka sayi wani lens

Duk mai hoton da ya zo min da kukan cewa aikinsa ya fita dishi-dishi, abin da nake fara tambayarsa shi ne inda ya ɗauka. Amsar kusan ɗaya ce: wurin dina, da dare, da lens 18-55 ɗin da ya zo tare da kyamara. Wannan lens idan ka ja shi zuwa 55, ƙofar haskensa ba ta buɗewa fiye da f/5.6 (ƙaramar lamba ce ke nufin ƙofa mai faɗi), dole kyamara ta rage gudun shota zuwa kamar 1/20 na daƙiƙa. Amarya ta ɗan juya kai, hannunka ya ɗan motsa, shi ke nan hoto ya tashi aiki. Da rana tsaka kuwa ba shi da laifi.

Ni dai ba na ɓoyewa, Canon 50mm f/1.8 STM nake so, wanda ya fito a 2015. Hasken da yake zuƙa a f/1.8 ya kusa ninki goma na wancan 18-55 ɗin a f/5.6, wato inda kake fama da 1/20 za ka samu kusan 1/200. Gindinsa ƙarfe ne, ba ya yawan surutu wajen neman fokas, ga shi ba nauyi, ka yini da shi a wuya ba ka ji ba. Amma kada ka bar shi a 1.8 kullum don son baya ya narke: ido ɗaya zai fita, ɗayan ya ɓace. Sa shi a f/2.8 ka ɗauki hannun amarya, za ka ga kowane zaren lalle tar. Aibinsa ɗaya, a kan kyamarorin Canon irin su 600D da 700D yana matsewa kamar 80mm, a ɗakin da ƙawaye suka cika za ka yi ta ja da baya har bango ya tare ka.

Shi kuwa Canon 75-300 III, lens mai jawo nesa, ba shi da abin hana girgiza, kuma a 300 hotonsa kamar an shafa masa man shanu. Yongnuo 50mm akwai araha, amma cikin duhu sai ya yi ta kai da komo har a gama yanka kek. Masu Nikon D3200 ko D5300 ku nemi 50mm f/1.8G. 50mm f/1.8D kuwa ba zai yi muku fokas da kansa ba, don babu motar juya shi a jikin kyamarorinku, kuma ba kowane mai shago ne zai gaya muku ba.

Inda aka fi cin mutane shi ne wajen na hannu. Na taɓa sayen wani, an goge shi fes, mai shi har da rantsuwar ko wata biyu bai yi ba. Ashe ya taɓa faɗuwa, gilashin ciki ya goce. Na ɗauki kamu guda da shi, duk wadda ta tsaya a gefen hagu ba ka gane fuskarta, har da uwar amarya. Ranar na sha magana, rabin kuɗin aikin ma ban karɓa ba.

Tun daga nan ba na sayen lens sai na je da kyamarata da jarida. In manna ta a bango, in tsaya daidai saitinta, in ɗauka, sannan in faɗaɗa kusurwa huɗun ɗaya bayan ɗaya. Idan ɗaya ta fi sauran hazo, na ajiye. Sai in cire shi in haska tocilar waya ta baya. Ƴar ƙura ba komai ba ce, wa ya tsira daga hunturu? Amma idan ka ga abu kamar saƙar gizo-gizo, fumfuna ce da damina ta haifar, kuma tana yaɗuwa.

Akwai kuma masu miƙo maka tsohon Canon 50mm II a kan kuɗin STM. Juya shi: tsohon gindinsa roba ne, bakin filtarsa 52mm, na STM 49mm. Filtar da suke ɗaura maka “kyauta” ma kwance ta kafin gwaji, ta bogi kaɗai ta isa ta dusashe hoto. Idan mai shago ya ce babu lokacin wannan duka, karɓi jaridarka ka leƙa shagon gaba.