Site, ɗakin haya ko gidan dangi: ina sabon ɗalibin Jami'ar Maraɗi zai sauka?

Wanda ya ci BAK aka turo shi Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, daga Tasawa ya fito ko Dakwaro ko Gidan Rumji, masauki uku ne a gabansa: site, wato gidan kwanan ɗalibai da CROU, hukumar jin daɗin ɗalibai, ke kula da shi, ɗakin haya cikin gari, ko gidan wani ɗan'uwa. Tun da jami'ar ta tsaya da ƙafarta a 2010 ɗalibai ke ƙaruwa fiye da gadaje, don haka ba kowa ke samun wanda ya so ba.

Kafin ka duba kyan ɗaki, tambayi kanka: in kuɗin bursu na ANAB, hukumar da ke biyan ɗalibai tallafin karatu, ya yi jinkirin wata uku, wane masauki ne ba zai kore ni ba, kuma zan ci abinci a cikinsa? Jinkirin ba baƙon abu ba ne, kuma ya fi taɓa ɗan shekarar farko da takardunsa ke kan hanya.

Da wannan ma'auni, site ce a gaba. Kuɗin gado kaɗan ne, ba takardar ruwa ko ta kuran a ƙarshen wata, da tikitin resto, wato gidan cin abincin ɗalibai, kuma za ka ci abinci a farashin da babu shi a kasuwa. Akwai wata riba da ba a cika lissafawa ba. Mazaunin site shi ke fara jin an ɗage darasi ko an manna sakamako. Tsofaffin takardun jarrabawa a hannun manyan ɗalibai suke, su kuma nan suke kwana. Taron ƙungiyar ɗalibai ta USN, karatun ƴan ƙungiyar ɗalibai musulmi ta AEMN a masallaci, ƙungiyoyin ƴan gari ɗaya, ƙwallon marece, duk a bakin ƙofarka.

Sai dai cunkoso. Mai gado yakan sauki ɗan garinsu da bai samu wuri ba, ɗakin ya cika ya batse. Layin wanka da safe, layin resto da rana. Waya da kwamfuta ba a barinsu kan caji a fita. Akwatin ƙarfe da kwaɗo biyu su ne sayayyar farko. Kuma resto yakan rufe lokacin hutu, wani sa'in ma ya tsaya ana tsakiyar karatu, saboda haka a ajiye gari, ƙuli-ƙuli, sukari da mai na kwana goma. Takardar neman gado a kai ta da zarar an gama rajista, a riƙe kwafin kowace takarda.

Haya ita ce ke ruɗin mutane, domin kuɗin da mai gida ya faɗa ba shi ne kuɗin ɗakin ba. Fara da nisa. A ce ka samu ɗaki a wata unguwa mai nisa da ya fi na Ali Ɗan Sofo, kusa da jami'a, araha da jika biyar. In kabu-kabu na ɗaukarka dala arba'in, wato sefa 200, kuma kana da darasi safe da marece, tafiya huɗu ke nan, sefa 800 a yini. A kwana 24 na karatu ka kashe sefa 19,200. Ina arahar? Ɗakin da za ka taka da ƙafa cikin minti 15 ya fi, ko da ya ɗan fi tsada. Mai keke ne kawai wannan lissafi bai kama ba.

Na biyu kuran, kuma a nan ne ƴan haya suka fi ɓatawa. Yawancin gidajen da ake jera ɗakuna kwanter ɗaya gare su, ana raba kuɗin NIGELEC bisa yawan ɗaki. Panka mai wat 60, in ta yi awa 10 kullum, kilowat 18 take ci a wata. Rishon kuran mai wat 1,000, awa 2 a yini, kilowat 60 yake ci a wata, fiye da panka uku. Mai panka ɗaya da ƙwan fitila ɗaya in ya yarda da rabon daidai, shi ke biya wa maƙwabcinsa girki da guga. A shirya rabo bisa kayan da kowa ke da su, ko a sa ƙaramin kwanter a ɗaki. Ranar shiga a ɗauki hoton lambar kwanter, a nemi ganin rasit na ƙarshe na kuran da na ruwa. Bashin wanda ya tashi yakan faɗa kan wanda ya shigo. Ɗaukewar kuran kuwa ta fi yawa a bazara, lokacin da aka fi buƙatarsa. Fitila mai caji ko ƙaramin faifan sola dole ne ga mai jarrabawa a Afrilu da Mayu.

Shi kansa ɗakin a gan shi da tsakar rana, ba da marece ba. Rufin kwano maras silin, a watannin da zafi ke wuce digiri 40, ba ya karantuwa kafin tsakar dare. A nemi taga biyu masu kallon juna. A duba gindin bango: in akwai layin danshi ko siminti na ɓarɓashi, ruwa ya taɓa kwana a wurin. Maraɗi ta san wannan. Ambaliyar 1945 ce ta sa aka hau da gari kan tudu, ruwan ƙarshen Agustan 2024 ma ya rusa gidaje da dama. Unguwannin gangare wajen Gulbi sai an tambayi maƙwabta yadda damina ke yi musu. A buɗe pampo a ga ƙarfin ruwa, a ƙirga mutum nawa ke shiga ban-ɗaki ɗaya. Gidan sauro kuma, ko ina ka sauka, kar ya wuce watan Yuli bai rataya ba.

Haya da abokai tana sauƙaƙa kuɗi, amma mutum uku ya isa. Butelin gas mai kilo 6, tukunya biyu, asusun cefane da ake zubawa farkon wata, da wanda ke riƙe littafi. Wani abin da iyaye kan manta: yajin aiki na iya ja da shekarar karatu ta shiga wata shekarar, mai gida kuwa wata 12 yake ƙirgawa, kana nan ko kana gida.

Gidan kawu ko gwaggo ba haya, ba yunwa, kuma ga ɗiya mace da ba ta samu site ba sau da yawa shi ne abin da iyaye za su yarda da shi. Kuɗinsa lokaci ne: aike, tsaron shago, kai yara lakwal, girki. Gara Baba ya zauna da mai masaukin tun farko ya nuna masa jadawalin darasi, a san cewa aikin rukuni kan kai dare, a kuma riƙa aiko da buhun hatsi ko ɗan abin cefane.

A ganinmu ɗan shekarar farko ya nemi site da gaske, in bai samu ba ya sauka wajen dangi in suna kusa, ya bar haya sai shekara ta biyu da ya san gari da halin abokan zama. Ɗalibin FSS, sashen kiwon lafiya, da ya fara zuwa asibiti da gadin dare, kusancin asibiti zai duba fiye da na aji. Na FASE, sashen noma da muhalli, da ke fita ƙauye aikin gona na makonni, ɗakin da ake raba kuɗinsa ya fi masa. Wanda zai kama haya, kome zumuncinsa da mai gida, a rubuta kuɗin wata, kuɗin ajiya, wa ke gyaran rufi da pampo, da kwana nawa ake ba da sanarwa kafin tashi, shaidu biyu su sa hannu, kowa ya riƙe kwafi.