Datar ko-ta-kwana ta gida da mota: ta wata, mai dogon wa'adi, ko ta kwana ɗaya?

Malam, ka ce kana da intanet na dindindin a gida amma yakan ɗauke maka sau ɗaya ko biyu a wata, kana neman layin da ake biya kafin amfani, mai sauƙin kuɗi, wanda zai riƙe gida idan an ɗauke, ya kuma yi maka aiki a mota. Ka kuma tambaya ko layi ɗaya zai ɗauki nauyin biyun. Bari in jera maka nau'o'in datar gefe da gefe.

Inda aka fi tafka asara shi ne kallon kuɗin giga ɗaya. A takarda datar wata tana iya zama mai araha, amma an yi ta ne domin mai ci kullum. A ce ka sayi giga 20 duk wata. A shekara ka biya kuɗin giga 240. Idan abin da ka taɓa a ranakun da aka ɗauke bai wuce giga 30 ba, to kowace giga da ka ci ka biya kuɗin takwas, sauran sun mutu da ƙarewar wa'adi. Wasu kamfanonin suna tura ragowar zuwa wata mai zuwa, amma galibi sai ka sabunta kafin wa'adi ya cika, wato sai ka ƙara biya kafin ka ga abin da ka riga ka biya.

Mai dogon wa'adi, ta wata uku, wata shida ko shekara, kuɗin gigarta yana iya fin na ta wata tsada. Amma ko ta ninka ta wata sau uku, a lissafin da na yi a sama ita ce da riba, domin tana zaune tana jiranka. Aibinta shi ne kuɗin na fita a dunƙule, kuma idan aka ɗauke na kwana uku a jere, gida mai yara zai iya lashe ta duka. Netflix da kansu sun ce kallo mai kyawun hoto yana cin har giga 3 a awa, mafi kyawunsa kuma har giga 7. Taron bidiyo na aiki yana cin rabin giga zuwa giga ɗaya da ɗoriya a awa. Lissafa wuni ɗaya ka gani.

A nan datar kwana ɗaya ko ta mako ke shigowa. Ba ka biyan komai sai ranar buƙata, ranar kuma ka sayi mai yawa da kuɗi kaɗan. Ga mai irin matsalarka, ita ce ta fi kowace araha idan an haɗa shekara. Sai dai tana da tarko biyu. Na farko, sayen yakan buƙaci intanet, kai kuma ga shi an ɗauke, don haka ka rubuta lambar da ake dannawa a saya ba tare da data ba, ka bar ɗan kuɗi a layin. Na biyu shi ne wanda ya taɓa cin ni: na jefa layi a aljihun tebur na manta da shi, ranar da na ɗauko shi ina tsakiyar aiki sai na tarar an rufe shi saboda rashin amfani, har da kuɗin da ke ciki. Kowane kamfani da nasa wa'adin, wasu wata uku, wasu wata shida. Ka tambaya kafin ka saya, ka sa wa kanka tuni a waya. Ka kuma kashe sabuntawar da ke yin kanta, kada ta riƙa yankar maka kuɗi kullum bayan intanet ya dawo.

Wadda ake tallata wa da "ba iyaka" kuwa, ka karanta ƙananan rubutun ƙasa. Yawanci akwai iyaka, idan ka kai ta sai a rage gudu. Idan aka mayar da kai kilobit 128 a daƙiƙa, hoto ɗaya mai megabait 3 zai ɗauki kusan minti uku kafin ya sauka. Saƙon WhatsApp zai wuce, aikin ofis ba zai yiwu ba. Wasu kuma an yi su domin waya kaɗai: ka sa layin a rauta, wato na'urar da ke raba waifai a gida, ya ƙi aiki, ko a ƙayyade maka abin da za ka raba wa wasu na'urori.

Akwai ƙananan kamfanoni da ba su da turakun sadarwa na kansu, haya suke yi a kan na manya. Farashinsu kan yi sauƙi, kuma ni ba na raina su. Amma ka bincika a kan wa suke hawa. Idan turakun da wayarka ke amfani da su ne, to ba ka ƙara komai ba, ranar da sabis ya ɗauke duk tare za su tafi. Wasunsu kuma ana sa su a baya idan an samu cunkoso, alhali ranar da intanet na unguwa ya ɗauke kowa kan datar waya yake komawa. Layin ko-ta-kwana ya zama na kamfani dabam da na wayarka, dabam kuma da na gidan idan shi ma da layi yake aiki.

Mota ba ta da ci irin na gida. Waƙa ko rediyon intanet a kilobit 96 yana cin kimanin megabait 43 a awa, taswira kuma kaɗan take ci, musamman idan ka sauke ta yankinka a Google Maps tun daga gida. Abin da mota ke buƙata shi ne sabis mai faɗi. Sabis ɗin da ke kan ƙananan megahaz, irin su 700, 800 da 900, shi ne ke tafiya nesa yana ratsa gini, shi kuwa 5G na gigahaz 3.5 gudu gare shi amma ba ya nisa. A kan doguwar hanya 4G na kamfani mai yawan turaku ya fi maka amfani, kada ka biya kuɗin na'urar 5G saboda mota.

Idan kai kaɗai kake tuƙi, raba data daga wayarka ya wadatar, ba sai ka sayi komai ba. Idan akwai yara a baya suna kallon bidiyo, sai a yi maganar MiFi, wato 'yar na'urar da ake sa wa layi ta raba waifai. Amma kada ka bar mai batir a motar da ke kulle cikin rana, zafi yana kumbura batirin. Gara ƙaramin modam marar batir da ake maƙalawa a USB, ka kuma duba ko soket ɗin yana mutuwa idan an kashe mota, don kada ya tsotse batirin motar idan ta daɗe a ajiye.

Layi ɗaya ga duka biyun? Zai yiwu idan kai kaɗai ne a gida. In ba haka ba, ranar da kake hanya da na'urar, ranar za a ɗauke wa iyali. Da ni ne, zan sa layi a rautar gida da 'yar data mai wa'adin shekara domin saƙo da aikin gaggawa, in riƙa ɗora ta kwana ɗaya idan ɗaukewar ta yi tsawo, motar kuma in bar ta a kan wayata.

Kafin ranar, ka toshe inda data ke zurarewa. A Windows ka nuna cewa wannan layin mai awo ne don kada ya fara sauke sabuntawa, a iPhone da Android ma akwai irin wannan saiti, ka dakatar da ɗora hotuna, talabijin kuma kada ka ba shi kalmar sirrin wannan waifai kwata-kwata. Sannan ka zare intanet na gidan da hannunka wata rana, ka gwada layin na awa ɗaya a ɗakin da kake aiki, ka duba giga nawa ta tafi.